Tsirkiyar Damana

A Tudun Jima, wani ɗan ƙauye da ke bayan Urno, in ka ce kana neman Kalla sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Sarkin Baka kuwa, nan take za a nuna maka gidan ƙarshe ta gabas, wanda katangarsa ta zube gefe guda aka toshe da kara.

Sarautar nan ba rawani, ba doki, ba ko gona. Abin da ke cikinta duka kibiya ɗaya ce a shekara. Ranar buɗin daji, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, maza kan fita da karnuka da sanduna su ja layi. Duk dabbar da ta fara tashi, ba mai jifa, ba mai sakin kare, sai Sarkin Baka ya saki kibiyarsa. In ya samu a yi kabbara, daji ya buɗu. In ya kuskure a yi shiru a ci gaba da farauta. Amma wanda ya kuskure shekara biyu a jere, nan a gaban jama'a zai sauke kwari da baka ya miƙa wa wani gida. Haka suka tarar ana yi a garin.

To, bara Kalla ya kuskure. Zomo ne ya tashi kusa da ƙafarsa, kibiya ta caki ƙasa a bayansa, ya tafi abinsa.

Bakan ya daɗe a gidansu. Kakansa ya riƙe shi tun zamanin da Buzaye ke iko da ƙasar, lokacin da in manomi ya kashe barewa sai ya kai musu cinya kafin ya ɗanɗana romo. Ubansa ya gada, ya mutu da shi bai taɓa jin kunya a gaban layi ba. Kalla kansa ya ga barewa da idonsa yana saurayi, ya kuma ga ƙarewarta. Yanzu daji sai zomo da zabo da kurege, in an yi babbar sa'a a sami damo. Kalla ya yi cirani a Abijan kamar kowane ɗan yankinsu na Adar, ya yi dakon buhu har kafaɗarsa ta dama ta fara ƙara in ya ɗaga hannu. Da aka aiko masa tsoho ya rasu, ya tattara ya dawo don kada baka ya bar gida, tun daga nan ko Madawa bai cika zuwa ba. Ƴaƴansa maza biyu suna Libiya, suna aiko da gaisuwa ta tarho, ba wanda ya taɓa jan tsirkiya a cikinsu. Gidan ya rage daga shi sai matarsa Zinariya, da awaki, da ciwon kafaɗa.

Wanda Kalla yake jin tsoronsa shi ne Yaƙubu na gidan Idris. Magidanci ne mai ƙarfi, mai lambun albasa a fadama, kuma hannunsa na da kyau. Kalla ya taɓa ganin ya halbo zabo daga kan gawo da aron baka. Yaƙubu bai taɓa faɗin wata magana ba, kullum durƙusawa yake ya gaishe shi. Amma Kalla ya riga ya sa wa ransa cewa gaisuwar ta mai jiran gado ce, har in ya hango shi tafe sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci.

A gidan mahalba akwai abin da ake yi in ruwan farko ya sauka. A kwance tsirkiya, wato igiyar baka, wadda ake murɗawa da fata, a shafa mata man shanu, a rataye ta da bakan a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugu. Ba a sake taɓa su sai an gama girbi. Kalla ya tambayi ubansa dalili sau ɗaya yana ƙarami, aka ce masa haka ake yi, ya kama bakinsa. Shi a ganinsa don noma ne kawai, kuma don dabbobi na da ciki a lokacin. To shi ba dabba zai halba ba, mi ya hana shi gyara hannunsa? Bana da ruwa ya sauka bai kwance komai ba.

Zinariya ta ga baka a jingine bayan ƙofa, ta dube shi, ta dubi mai shi.

"Sarki, wanga abu ba a ɗakin girki ya kamata shi kwan ba?"

Ya ce mata ta kula da tukunyarta. Ta ce to, ai tukunyarta ba ta taɓa kuskure ba. Shekarun da suka yi tare sun wuce a yi fushi kan irin wannan.

Haka ya shiga gwajin hannu cikin damana. Da safe gona, shi kaɗai da hauya, ga ciyawa ta yi masa taron dangi. In ya dawo da la'asar, maimakon ya miƙe ƙafa a tabarma kamar kowane tsoho mai hankali, sai ya zagaya bayan rumbu. Ya cika wani tsohon buhu da ƙaiƙayi ya jingina shi da gindin aduwa, ya ja da baya, ya fara. Kibiyoyin farko duk a ƙasa suka faɗi, ko buhun ba su kai ba. Ya tsaya yana kallonsu, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe haka ƙarfinsa ya ƙare bai sani ba? Ya tsince su, ya goge laka, ya koma.

Abin da bai lura da shi ba, kuma wallahi abin haushi ne, shi ne laifin ba na damtsensa ba ne duka. Fata in ta sha raɓa da sanyin ruwa saki take yi. Tsirkiyar ta yi laushi, ba ta tura kibiya kamar yadda ta saba. Mutumin da ya tsufa cikin halbi ya kamata ya gane, amma ina zai gane, tunda bai taɓa jan baka da damana ba, ubansa ma haka? Ga shi kuma ya riga ya yanke wa kansa hukuncin tsufa. Sai ya shiga ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, yau ya ƙara, gobe ya ƙara, yana saitin sama da buhun don kibiya ta sauko a kai. Ranar da ta fara shiga tsakiya, ya zauna a ƙasa ya yi hamdala, kafaɗa na yi masa zogi har cikin kunne.

Zomo dai ba ya tsayawa kamar buhu. Don haka ya roƙi Zinariya ta riƙa gangaro masa da wata tsohuwar gorar duma daga kan tudun bayan gida. Ta ce ita da furfurarta za a mayar da ita mai wasan gora, mutane su ce gidan Sarki an taɓu. Ta yi mita iya mita, sannan ta ɗaura zane ta hau tudun. Gora ta gangaro tana tsalle, ya halba, ya kuskure, ta sauko ta ɗauka tana riƙe da gwiwa, ta sake hawa. Wata rana hadari ya kore su, wata rana gwiwarta ta ƙi, wata rana shi ne ya kasa ɗaga hannu. Ba wanda ke jin daɗin abin a cikinsu. Amma kafin hatsi ya fitar da kai, gorar ta zama rariya, sai da aka nemo wata. Hannunsa ya haddace saitin, ba ya ko tunani, da ya ja sai ya tashi sama da kansa.

Girbi ne ya kayar da shi. Yankan hatsi da ɗaurin dami da ɗorawa a amalanke suka taru a kafaɗar nan, ta kumbura ta yi suntum. Ya je likita a Urno aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya huta da hannun in yana son ya ci gaba da cin tuwo da shi. Ya yi lissafi: sauran ƙarfin da ke cikin kafaɗar bai wuce na ja ɗaya ba, gara ya ajiye shi don ranar. Ya rataye baka bai sake taɓawa ba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, ciyawa ta yi fari, tsirkiya ma tana can a rataye tana bushewa tana ɗaurewa.

Ranar buɗin daji mutane ba su kai na bara ba. Rabin samari sun riga sun hau mota sun tafi cirani. Aka yi addu'a a bakin gari, aka ja layi cikin sabara, Kalla a tsakiya da kwari a baya, Yaƙubu ta hannun hagunsa riƙe da kare. Sun yi tafiya har rana ta fara zafi ba abin da ya motsa, ƙafafun Kalla suka yi nauyi. Can sai zomo ya tashi daga gindin ƙalgo, ya yanka fili, a sarari, yadda ko a mafarki bai roƙi Allah ya ba shi ba.

Yana ja ya ji abin. Tsirkiyar ta yi tauri, ta cije masa yatsu, ba ita ce wadda ya sani duk damana ba. A cikin wannan ɗan lokaci ya gane komai, ya gane dalilin ɗakin girki da ubansa bai faɗa masa ba. Amma hannu ya riga ya tashi sama yadda aka koya masa. Kibiya ta fita da ƙarfin da ya daɗe bai gani ba, ta wuce can saman zomon, ta faɗa cikin geza nesa.

Karnuka na ta ja, ba wanda ya sake su.

Kalla bai jira a ce masa komai ba. Ya zare kwari daga kafaɗa da ƙyar, ya haɗa da baka, ya juya hagu ya miƙa da hannu biyu. Abin mamaki, bai ji zafin da ya yi zato ba, gajiya kawai yake ji, irin ta wanda ya sauke dami.

"Yaƙubu, amshi. Naku ne."

Yaƙubu ya durƙusa, amma bai miƙo hannu ba.

"Baba Sarki, ka yi mini aikin gafara. Ni albasata na jiran ban ruwa, yau ma da ƙyar na baro ta. In na ɗauki wanga abu, rani duka ina gari, wa za ya kai mini kaya Abijan?"

Kalla ya juya ga na kusa da shi. Wannan ya sunkuyar da kai. Na gaba ya ce shi jibi zai tafi Aljeriya. Wani ya ciro tarho yana dubawa kamar an kira shi. Kalla ya bi layin da ido har ƙarshe, hannuwansa a miƙe, ba wanda ya matso. Daga baya wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce to, tunda haka ne, Sarki ya ajiye kayansa don tunawa, daga baɗi duk wanda ya ga nama ya saki karensa kawai, a huta. Kowa ya ce hakan ya yi. Aka saki karnuka, layi ya wuce gaba da hayaniya, aka bar shi tsaye.

Bai je neman kibiyar ba. Ya mayar da kwari baya, ya saɓa baka, ya kama hanyar gida a hankali, yana tsayawa yana hutawa.

Zinariya na bakin ƙofa tun hantsi, ta kasa zama. Ta hango shi daga nesa shi kaɗai, ta sa hannu a goshi ta ƙura ido. Da ta ga baka a kafaɗarsa sai ta saki muciyar da ke hannunta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, tsohuwar murya na karyewa tana sake ɗagawa, har maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga.

"Ya samu! Sarki ya dawo da bakansa!"

Kalla ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga tana share hawaye da bakin zane tana dariya, tana ɗingisa gwiwa ta nufo shi. Ya rufe bakin, ya ci gaba da tahowa.