Ranar da Ganga ta Riga Baki

Shekara talatin da 'yan kai muka yi muna kiɗan noma ni da taubashina, tun Turawa suna baƙi a ƙasar Sakkwato har muka saba da ƙarar motarsu a hanya. Ni ɗan Boɗinga ne, ganga nake kaɗawa. Shi mutumin Shagari ne, shi ke da baki. Cewa yake hannuna na mai dakan fura ne, ni kuma in ce muryarsa ta korar tsuntsaye daga gero ce. Da wannan tsiyar muka taka ƙauyukan da ban iya ƙidayawa, kuma ban taɓa sha'awar bin wani mawaƙi ba.

Ƙa'idar aikinmu a wurin gayya ɗaya ce: baki ke gaba. Shi zai tsaya kan manomi ya kira kirarinsa da na ubansa da na kakansa, sannan ni in sako takensa da ganga. Mutum na jin nasa sai ya duƙa ya cinye kunyar gona kamar ba gobe. Amma ka ba wani uban wani, ka yi zagi, kuma mawaƙin da aka san yana mantuwa ya gama zuwa gayya. Taubashina kuwa bai san wata sana'a ba, ko fartanya bai iya riƙewa da kyau.

Wata damina da hantsi, a gonar sarkin noman Dingyaɗi, ya tsaya kan wani magidanci da muka yi wa ubansa kiɗa shekara da shekaru. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya ja murya, ya sake ja. Na ga zufa tana bin wuyansa, manomin kuma ya ɗago yana jira. Ban san sa'ad da hannuna ya sako taken mutumin ba. Taken ganga kuwa magana ce, duk ɗan ƙasar yana jin abin da ganga ke cewa. Taubashina yana ji sai kirarin ya zubo masa tas, har da kakan kaka.

Da aka zauna shan fura, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Makaɗi, yau mi munka gani? Ganga ta riga baki?"

Kafin in amsa, taubashina ya karɓe. "Ku dai bari, Baba. Wanga taubashi nau tsuhwa ya sa mai gaggawa. Ba shi da haƙuri ko na anini."

Aka yi ta dariya, na sunkuyar da kai na ce a yi mini afuwa. Daga ranar na riƙa dubansa: in na ga leɓensa ya tsaya, sai in riga shi. Damina uku muna haka. Na yi suna a Boɗinga da Shagari, makaɗi mai shisshigi, shi kuma kowace gayya sai ya wanke ni tas a gaban jama'a. Ba zan ɓoye ba, wani lokaci abin yakan sosa mini rai, don na ɗauka bai san abin da nake yi masa ba. Amma ana ta kiranmu, damman gero na shiga rumbunsa, wannan ya ishe ni.

Wata rana muna komawa gida da la'asar, muka tsaya hutawa gindin wata tsamiya. Ya daɗe yana sosa ƙafa, bai dube ni ba, sannan ya ce, "Taubashi, gobe gayyar Shagari babba ta. Kak ka jira ni, ko ga mutum na hwarko. Ka yi ta riga ni."

Na shiga gyara tsarkiyar ganga da ba abin da ya same ta.

"Tun Dingyaɗi nis sani," in ji shi. "Amma hwaɗan da ni ka yi ma, ba ni barin shi. Ran da nib bari, ran nan za su gane."

Na ce, "To, gobe ka ƙara ma hwaɗan gishiri."