Ranar da Rafinmu Ya Yi Sanyi

Ƙafafuna ne suka fara ji. Ina tsaye tsakiyar rafin bayan ƙauyenmu, ta wajen Randagi, ina wanke dafaffiyar kalwar da Inna za ta yi daddawa, sai ruwan da tun hantsi yake da ɗumi ya yi sanyi kamar daga firji aka ɗebo shi. Na ɗaga kai. Rana fau, babu alamar hadari. Mu kuwa sama muke dubawa kafin mu shiga rafi, don haka na ci gaba da murza kwandona.

Wata tsohuwa Bagwariya, ƙawar kakata, tana wanki a gaɓa. Ita ma ta tsoma hannu, sai ta miƙe zumbur.

"Ke jikata, hau dutsen nan na kusa da ke! An yi ƙanƙara a dawa, ruwanta na tafe!"

"Kaka, bari in ƙarasa. Kwana biyu Inna tana dafa ta."

"Kalwa uwarki ta haifa ko ke? Saki!"

Sai na ji ƙara kamar tifa tana juye tsakuwa. Na saki kwando, na dafe dutsen da hannu da gwiwa. Ban gama hawa ba jan ruwa ya iso, da rassa, da ganye, har da akuyar wani. Gaɓa ta yi nisa.

A makaranta malaminmu ya taɓa ba mu labarin ƙasashen da zafin dutse mai aman wuta ke narka ƙanƙara, ruwa ya cinye gari ba tare da hadari ba. Dariya muka yi. Yanzu ko ruwan sanyi aka miƙo mini, sai ranar nan ta faɗo mini a rai.

Tsohuwar nan ba ta gusa ba. Ta aika a kira Baba, ta kafa kara a bakin ruwa, ta zauna tana kallona.

"Kar ki dubi ruwa, jiri zai ɗebe ki. Ni za ki duba, ko munina ya yi miki yawa?"

Ina kuka ina dariya. Ruwa na lasar yatsuna, ita tana ta zuba mini surutu. Allah Ya saka mata da alheri, ban san da me zan biya ta ba.

Bayan la'asar Baba ya iso da igiya. Tsohuwar ta duƙa ta auna tsakanin karan da ruwa, taƙi guda cur.

"Ya fara janyewa, jikata," ta ce. "Kin tsira."