Mma Hawawu da Kwantan Burodinta

Kafin ladan ya kira assalatu a masallacin da ke bayan masaukinmu na unguwar Port Saeed a Dubai, Mma Hawawu ta riga ta ɗora ruwan shayi. Za ta markaɗa wake, ta dama koko, sannan ta fito baranda da ludayi a hannu tana ƙirga takalman da ke bakin ɗakuna, don ta san baki nawa za ta ciyar. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki a gidan da mu 'yan kasuwar Kano muke sauka in mun zo sarin kaya. 'Yar Zangon Kumasi ce, gajeruwa, mai faɗa kamar uwar kowa, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma gida. Ni Mahfuza, mai sayar da kayan kicin a Kwari, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Akwai wani abinci da ba ta yi sai zafin Dubai ya karye, wajen ƙarshen Oktoba, lokacin da a gida muke cewa kaka ta yi, tuffa kuma ta cika kasuwa. A gidan wasu Turawa da ta fara yi wa aiki ta koye shi. Tana tara burodin da ya kwana biyu ya bushe, ta yayyanka shi ƙanana, ta kaɗa ƙwai da madara da 'yar kirfa ta juye a kai, ta sa a firij ya kwana yana sha. Da asuba ta fere tuffa, ta soya ta sama-sama a bota da zuma, ta shimfiɗa a kan burodin, ta tura tiren cikin tanderu. Ƙamshin kan sauka har hawa na ƙasa. Mu kuwa Kanawa, da iya shege, muka sa masa suna abincin marasa haƙori. Mazan su ce su dai a ba su ƙosai, amma in ka dawo bayan rabin awa sai ka tarar da tiren an sharce shi tas, kuma babu wanda zai amsa cewa shi ne.

Mu'awiya, mai lodin kayan mota a unguwar Ras Al Khor, shi ya fara gaya mini cewa sunan nan da muke tsokana da shi gaskiya ne. Wani ƙarfe ya taɓa suɓucewa ya fasa masa muƙamuƙi, aka ɗaure masa baki da waya. Ba ɗan masaukin ba ne, ba ta ma san shi ba, labari kawai ta ji. Mako biyar tana aika masa da wannan abinci a kula, ta dama shi da madara yadda zai zuƙa. Na ji labarin, na ce Allah ya saka mata, na wuce harkata. Ban san nawa na nan tafe ba.

Shekara uku da suka wuce na kawo mahaifina, Alhaji Mijinyawa, asibiti a nan. Ciwon daji ne a maƙogwaro, ana yi masa gashi da na'ura kullum. A mako na uku bakinsa ya saɓule, haɗiyar yawu ma ta zama aiki. Kunun tsamiyar da na yo guzurin garinsa tun daga Kano ya ce kamar barkono yake sha. Tuwo ko kallonsa ba ya yi. Aka ɗora shi a sikeli, kilo hamsin da ɗaya. Likita ta ce nan da kwana goma za a sake aunawa, in ya sauka ƙasa da hamsin, ko dai a zura masa bututun abinci ta hanci, ko a dakatar da gashin. Baba ya saurara har ta gama, sannan ya ce da ni ba mai zura masa komai a hanci, in nema masa jirgi ya je ya mutu a ɗakinsa. Wanda ya san Baba ya san ba ya faɗa sau biyu. Na shiga tsoro irin wanda ban taɓa shiga ba.

Da yamma na shiga kicin neman ruwan zafi, na tarar da Mma Hawawu tana yanka busasshen burodi, ga wasu tuffa a gefe da suka fara laushi. Ta ce na Baba Alhaji ne, gobe zai gwada. Nan fa kaina ya ɗau zafi. Ubana, mutumin da a gidansa ba a taɓa kai masa ɗumame ba, shi za a ba kwantai yana kwance ba lafiya? Na ce da ita mu ba matsiyata ba ne. Na kwashe burodin nan na zuba a shara, na sauka na sayo sabo mai laushi, har da ɗuminsa, na dire mata. Ta dube ni, ta dubi kwandon sharar, ta ce sabo ba zai yi ba. Na ce shi za a yi.

Ta yi. Da safe abu ya fito a cuɗe, yana danƙo kamar gasarar da ba ta dahu ba. Cokali ɗaya Baba ya kai, ya manne masa a wuya, ya yi ta tari har hawaye, ya ture farantin ya juya wa bango fuska. Kwana guda ya tafi a banza, saura tara, kuma ni na jawo.

Na koma kicin ina jiran ta ce ai na gaya miki. Ba ta nan. Can sai ga ta da leda a hannu tana haki. Ashe hawa-hawa ta bi tana ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta, Indiyawa da 'yan Filifin, tana tambayar ko suna da burodin da ya bushe. Mace mai shekara sittin, da ciwon gwiwa, saboda tsohon da ba ta haɗa komai da shi ba.

Ta zaunar da ni a kan kujerar roba ta miƙo mini wuƙa.

"'Yata, sabon burodi a ƙoshe yake, ba ya shan komai. Busasshe shi ke da ƙishirwa. Zai shanye ƙwai shida da madara kofi uku, Baba Alhaji ya haɗiye bai ma san ya ci ba. Yalla, maza fere tuffa."

Na fere ina kuka, ita kuma tana yi mini faɗa wai ina ɓarnar tsoka da ɓawo. Ta cire kirfa gaba ɗaya don kada ta yi masa zafi. Ta dafa tuffar har ta narke. Ta rufe tiren don kada sama ya yi ɓawo. Da ya gasu ba ta bari an kai ba sai da ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji. Sannan ta ɗauki farantin da kanta, ta yi sallama a ƙofar Baba, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi.

Baba ya ce ya ƙoshi. Ta ce ta ji, amma ita ba ta iya mayar da abinci kicin ba, don haka za ta zauna a nan bakin ƙofa har ya ci cokali uku, in kuma tukunyar mutane ta ƙone, alhakin yana wuyansa. Baba ya harare ta. Ta ce, "Shwaiya shwaiya, kaɗan-kaɗan, Baba Alhaji. Uku kawai." Ya ci uku don ta tafi. Ya tsaya yana jiran zafin da ya saba ji, bai zo ba. Ya ci na huɗu ba a roƙe shi ba.

Daga ranar, sau shida a yini take aiko masa, cokali biyar, cokali bakwai, ban da girkin mutum ashirin da ke kanta. Wata rana ya ci, wata rana ya ƙi, ta je ta zauna a bakin ƙofa. Har maƙwabtan suka saba, da safe sai mu tarar da ledojin burodi a rataye a hannun ƙofarmu.

Ranar awo na kasa kallon sikelin, sai fuskar ma'aikaciyar asibitin nake kallo. Ta ce hamsin da ɗaya da rabi. Likita ta ce a ci gaba da gashi, ta tambaye ni me muke ba shi. Na rasa yadda zan ce mata kwantai ne.

Da muka dawo masauki, Baba bai nufi ɗakinsa ba. Mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ƙafarsa a kicin ba, ya dogara sandarsa ya shiga, ya tsaya a gabanta ya cire hula, ya fara sa mata albarka da muryarsa da ta dushe. Mma Hawawu ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta goge hannu da zani. Daga ƙarshe ta ce, "Khalas, ya isa, Baba Alhaji, amin. Fita mini, ka tare hanyar tukunya."

Mma, ke ce kika ciyar da mu shekara da shekaru muna kiranki mai girki kawai. Ke ce na zaga a kicin ɗinki, kika rama da koya mini aiki. Uwar baƙi, mai faɗa da baki, mai jinƙai da hannu. Ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba, yau ina ba ki a gaban kowa: ki yafe mini.

Ku kuma 'yan uwana masu zuwa sari, mu da muke cin abinci a tsaye da waya a kunne, ku riƙa leƙa kicin kuna tambayar sunan wadda ta dafa. In kun ji wani na kwance a hawan sama ko a can Ras Al Khor, kada ku jira sai kun san shi. Ku yi abin da hannunku ya iya, yadda ta yi.

Allah ya kai ki Kumasi lafiya, ya ba gwiwoyinki hutu, ya haɗa ki da masu kula da ke. A watan jiya aka yi wa Baba gwajin shekara ta uku, likita ta ce ba ta ga komai ba. Ubana yana raye, Mma. Na gode.