Rumbu Uku Na Rubuta

Har yau ban manta da safiyar da na rubuta "rumbu uku" a takardar aiki ba. Ku yaran ofis da kuke cika takarda daga inuwa, ku saurara.

Ana saura kaɗan a karɓi mulkin kai, ina ƙaramin malamin safiyo a ma'aikatar ayyuka ta En'e a Sakkwato. Aikina in riga lebura zuwa inda za a fitar da hanya, in rubuta duk abin da layi ya bi ta kansa. Idan gida ne, akan duba ko za a karkatar da layin kafin a sa hannu. Idan rumbu ne na kara da zana, ba a damuwa, ƙarti ne za su ɗauke shi su aje a gefe.

Ran nan na fito daga Ƙofar Marke a kan keke, da kaka, na nufi wani ƙauye bayan fadama. Raɓa ba ta bushe ba, tururi yana tashi daga ruwa, rumbunan ƙauyen suna can tsallake da hulunansu na ciyawa kamar dattawa a zaune. Na tsaya ina kallo, hankalina yana kan aurena da ya matso. Ga kuma sabon takalmi a ƙafata, ban so ya sha taɓo. Daga nan tsallake na ƙirga uku a kan layi, na rubuta, na juya abina.

Bayan mako biyu muka koma da lebura. Aka ɗauke biyu cak. Na ukun muna zuwa sai na ga ashe na ƙasa ne, ƙato, a kan duwatsu. Wata tsohuwa mai suna Inna Tumba tana jingine da shi, idanunta sun yi yana.

Ta ce, "Ɗana, wanga ba rumbu ba na, ruhewa ta. Ba a ɗaukatta."

Na zagaya rufewar a hankali. Marigayi mijinta magini ne, ya bi jikinta da yatsa tun ƙasa tana ɗanya, ya yi layi-layi kamar ruwa yana gudu, da sawun zabi, ya liƙa wuri da fasassun tangaran da ke ƙyalli in rana ta taɓa su. A tsakiya, daidai ƙirji, ga tafukan hannu ƙanana guda biyar a jere. Ta ce duk yaron da ya kai yaye, sai uban ya yi sabon yaɓe ya danna hannunsa a kai. Na tambaye ta ina suke yanzu.

Ta ce, "Duk sun riga ni. Nan nika gaishe su da sahe."

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na hau keke na koma gari, na tarar da babban malaminmu, Malam Umaru, na gaya masa gaskiya har da zancen takalmin. 

Ya ce, "Da ka rubuta daidai, da taku goma kawai za mu gusa. Yanzu injiniya ya sa hannu, an zuba harsashin kwalbati. Ka koma ka ceci abin da za ka iya."

Washegari na je da wani tsohon magini. Aka kwashe gero, sannan ya dinga yanka kewayen tafukan da wuƙa a hankali, muna riƙe da zana a ƙasa. Tsohuwar ƙasa ce, ta bushe shekara da shekaru. Muna cirowa ta dare a hannunmu, huɗu suka zama gari. Ɗaya ne ya fita lafiya.

Ni na miƙa mata. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta bi yatsun da nata ɗaya bayan ɗaya, ta yi ɗan murmushi.

Ta ce, "Hassana ta. Ita taf fi rashin ji."

Ta naɗe shi a gefen zanenta ta shiga gida, mu kuma muka rushe sauran.

Lebura sun gina mata sabuwar rufewa, mai kyau, jikinta sumul. Na ji an ce ba ta taɓa jingina da ita ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: kalma ɗaya ce a takardarmu, amma a wurin mai abin rayuwarsa ce duka. Na yi shekara talatin bayan haka ina safiyo, ban sake rubuta sunan wani abu ba sai na zagaya shi da ƙafata, na kuma tambayi mai shi abin da yake kiransa.