Hannun Jarin da Vito Ya Ara

Duk Jersey City babu wanda ya kai Vito Scarpelli iya sayar da abin da ba nasa ba, kuma hukuma ba ta taɓa kama shi da laifi ba. Sana'arsa ke nan tun yana da gashi a ka. Sai ya nemi ƙaramin kamfani mai cika baki, irin wanda hannun jarinsa bai kai dala guda ba, babbar kasuwa ma ba ta karɓarsa sai dai a yi ciniki tsakanin dillalai. Ya ari hannun jarin ya sayar, in farashi ya faɗi ya saya da araha ya mayar.

"Doka ta yarda, muddin ka aro kafin ka sayar," in ji shi ga masu yi masa kallon ungulu. "Mai sayar da iska ake kamawa."

Mutum ɗaya yake shakka a duniya, yayarsa Concetta, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ce kuwa ta kwashi ajiyarta ta zuba a wani kamfani mai cewa ya gano maganin sanƙo. Vito ya yi nasiha har ya gaji.

"Yaya, dubi kaina mana! Da maganin na ci, wa zai riga ni saye?"

"Kai dai ɗan baƙin ciki ne tun kana yaro," in ji ta.

Ya ƙyale ta. Amma kura ba ta ganin nama ta wuce. Ya kira dillalin da dukansu biyu suke hulɗa da shi, ya tambaya ko akwai hannun jarin kamfanin na aro. Da ƙyar aka samo masa, ya sayar hankali kwance. Kamfanin ya rushe kamar yadda ya faɗa.

Ranar Lahadi ya same ta tana dafa taliya. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Vito, dillali ya taɓa cewa in yarda ya riƙa ba da hannun jarina aro, ana ba ni ɗan lada. Na yarda. Shi ka ara ka sayar?"

Bai taɓa tambayar na wa yake ara ba.

"Dillalai ba sa faɗa wa mutum, Yaya. A doka dai..."

"Ban tambaye ka doka ba."

Ta sauke tukunya, ta zuba faranti ɗaya, ta zauna ta fara ci yana tsaye.