Katakon Tanki da Rufin Esther

Malam Inuwa kafinta ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara ashirin yana ɗora wa mutane rufi, ba a taɓa kiransa gyara ba. A shekarar da soja suka koma bariki, gine-gine suka yawaita a Tarauni, aka fara kawo wani katako mai tauri daga Kudu, launinsa kore-kore. An ce a tanki ake rufe shi, inji ya matsa magani ya shige jikinsa, gara ba ta cinsa. Inuwa ya ɗaga guda, ya ji nauyi, ya saka a ransa cewa maganin ƙarfi yake ƙara wa katako.

Esther, wata nas 'yar Kudancin Kaduna, ta kira shi ya rufa mata ɗaki biyu a Daurawa. Ta ga ya sayo katakai sirara.

"Baba, waɗannan za su ɗauki kwano kuwa?"

"'Yata, na tanki ne. Siririnsa ya fi kakkauran da kika sani."

Ta yarda, don shi ya rufa gidan maƙwabtanta.

Damina ba ta kai tsakiya ba rufin ya lotsa, ruwa ya riƙa zuba a kan gadon mahaifiyarta. Da Inuwa ya zo dubawa, ya tarar da ƙanin Esther, Sama'ila, malamin aikin katako. Sama'ila ya yanko guntu da zarto ya nuna masa: koren a baki-baki ya tsaya.

"Baba, wannan maganin gara ne da ruɓa, ba ya ƙara ƙarfi. Wani lokacin ma yakan ɗan rage. Nauyin da ka ji danshi ne, bai gama bushewa ba."

Inuwa ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohuwar tana zaune a tsakar gida kusa da katifarta da aka shanya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ya ɗauko tsani ya hau rufin.

Kwana huɗu ya yi yana kwance rufin yana sake shi da kakkauran katako. Abincin da Esther ta aiko masa bai iya ci ba.

Da ya gama, ya nufi Unguwar Gano, inda a baya ya yi wa wasu gidaje biyu rufi da siraran katakon, ya faɗa wa masu gidajen kuskurensa da bakinsa. Ɗaya ya gode masa. Ɗayan, Alhaji Garba, ya bar shi ya gyara, amma tun daga ranar wani kafintan yake kira.