Baƙaƙen Hotunan Tannie Driekie

A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, da yamma, Ubangiji ya kira Tannie Hendrika Baadjies, wadda duk garin Sutherland ya sani da Tannie Driekie, wato Gwaggo Driekie. Ta rasu tana da shekara saba'in da uku, a zaune kan kujerarta ta bakin taga, bargo a kan gwiwarta. Likita ya ce zuciya ce. An binne ta ranar Asabar kusa da mijinta.

Sunana Marlise, 'yar Sanna, gidanmu ne a bayan nata. Shekarata sha shida, kuma ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba malamin aji ba. Fasto ya yi mini alkawarin zai sa wannan a takardar coci ta wata-wata, ya kuma aika wa iyalinta. Dominsu nake rubutawa, musamman ɗanta tilo, Oom Neville, wato Kawu Neville. An samu kyamararta a cikin firij, an samu hotuna baƙi ƙirin fal a kwamfutarta, shi ya sa ya koma Cape Town da imanin cewa mahaifiyarsa ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta, shi kuwa bai zo ya lura ba. Ba haka ba ne. Ni na san ba haka ba ne, ina tsaye a wurin, kuma ban buɗe baki ba.

Tannie, bari in juyo gare ki, don ke kaɗai ce nake iya yi wa magana ba tare da muryata ta maƙale ba.

Manya sun fi ni sanin alherinki. Sun ce kin yi aikin jinya a garin nan tun iyayenmu suna yara, kuma rabin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarki a hannunki suka faɗo duniya. Sun ce kin sha hawa bayan motar ɗaukar tumaki cikin ƙanƙara don zuwa gona wajen mai naƙuda. Abin da na gani da idona shi ne lokacin da man girki ya ƙone Mama a hannu. Kin daɗe da yin ritaya, amma kullum da safe sai kin tsallako ta ƙasan wayar shinge da 'yar jakarki, ki wanke ciwon, ki ɗaure, kina yi mata faɗa a kan ta cika gaggawa. Da ta kawo miki cinyar rago don godiya, kika dafa, kika aiko mana da tukunyar gaba ɗaya.

Ni kuwa ba don alheri na fara zuwa gidanki ba, kuma ba don taurari ba. Wata rana aka aike ni in mayar miki da kwano, na hango kwali a ƙarƙashin gadonki cike da littattafan soyayya, irin waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi. Na tsaya ina kallo kamar an kafe ni. Kika ce, "Ɗauki mana, ba sa cizo. Amma nan ba a aro kyauta. Littafi ɗaya, riƙon tocila na yamma ɗaya."

Haka na zama mai riƙe miki tocilar nan da kika lulluɓe bakinta da jar leda don kada haske ya kashe mana ido. Bayan cin abincin yamma sai mu fitar da madubin hangen nesa bayan gida, ki ɗaura masa kyamara, ni kuma ina tsaye jikina yana wurin, hankalina yana can wajen wani mai faffaɗar kafaɗa da ya dawo daga teku. Kin sani sarai. Sai ki ce, "Sarauniyar mafarki, haska mini nan, ba ƙafata ba. Shi wannan saurayin naki na shafi na ɗari, ya taɓa wanke kwano kuwa?" In sunkuyar da kai, ki yi ta dariya har tari ya sarƙe ki.

Akwai hoto a bangon ɗakinki, wani gajimare ja jawur, kamar an buɗe fure a tsakiyar duhu. Na daɗe ina satar kallonsa. Kika ce yana can sama, gefen taurarin nan da ake kira Gicciye, ke kika ɗauka, kuma za ki nuna mini shi. Na wuni ina shirya zuciyata. A littattafai, idan yarinya ta ga abu irin wannan numfashinta ɗaukewa yake yi. Da na sa ido a madubin, abin da na gani ɗan toka-toka ne, kamar an hura numfashi a gilashin taga. Na ɗago, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Tannie, ashe fenti kike yi musu?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba ki ji haushi ba, sai ma kika tafa hannu. Kika ce wannan ita ce ainihin tambayar da ta hana ki barci shekaru. Wai akwai wata kalanda a bangon asibiti mai irin waɗannan hotuna, kullum kina kallonta kina cewa ƙarya ce, ai kin rayu a ƙarƙashin sararin nan tun haihuwa, ba ki taɓa ganin ja ko shuɗi ba. Da kika bar aiki kika dinga bin ayarin baƙi zuwa kan tudun bayan gari inda manyan madubai na masu binciken taurari suke, kina yi wa masu zagayawa da mutane tambaya har suka haddace fuskarki. Daga baya kika ce gara ki gwada da kanki.

Kin bayyana mini da abin da na sani. Kika ce ido kamar tafin hannu ne a cikin yayyafi, abin da ya sauka nan take yake zubewa. Kyamara kuwa bokiti ce, a bar ta a buɗe ta yi ta tarawa. Jan yana nan, wata iska ce mai suna haidurojin take fitar da shi idan zafin taurari ya buge ta, sai dai ya yi wa idonmu rauni. Kika ce, "Ba na ƙara komai, yarinya. Jira kawai nake yi." Na koma gida na rubuta wannan magana a bayan littafin lissafina, don ta yi mini kama da abin da wata za ta faɗa a babin ƙarshe.

Yanzu ga maganar baƙaƙen hotuna, kuma ina roƙon Oom Neville ya karanta nan a hankali.

Idan kyamara ta daɗe a buɗe tana tara haske, cikinta yakan ɗumama, sai ta riƙa zuba wasu ɗige-ɗige nata na kanta a kan hoton, masu kama da taurari alhali ba taurari ba ne. Hanyar raba su da na gaskiya ita ce a rufe bakin kyamarar da murfi, a ɗauki hoton duhu zalla, da yawa, tsawon lokaci iri ɗaya, cikin sanyi iri ɗaya da na daren da aka ɗauki sama. Duk abin da ya fito a wannan duhu na kyamarar ne. Sai kwamfuta ta cire shi daga hoton sama, abin da ya rage shi ne gaskiya. Tannie takan ce kamar a ɗora kwano a sikeli ne kafin a zuba gari.

Ita kuwa ba ta yarda ta ɓata dare mai kyau wajen ɗaukar duhu. A watan Mayu, da hunturu ke shigowa a nan, sanyin dare daidai yake da sanyin firij ɗinta, ta auna ta gani. Don haka da rana sai ta rufe kyamarar, ta sa ta a robar askirim, ta zuba 'yar shinkafa saboda laima, ta ajiye a firij tsakanin man shanu da kwalbar jam, ta bar ta tana ɗauka ita kaɗai. Ni da hannuna na sha sa ta. Ran farko na yi dariya har na zauna a ƙasa, ta ce, "Yi dariyarki. Ranar da kika ba ni shinkafar nan a faranti ne za mu ɓata."

Tannie, ranar Juma'a, jajiberin jana'izarki, matan coci suka cika kicin ɗinki ana aikin abincin baƙi. Ni aka ba shafa wa burodi man shanu. Tannie Raagel, matar dattijon coci, ta buɗe firij don ta sama wa nama wuri, ta jawo robar, ta buɗe, ta yi tsaye. Ta ce, "Jama'a, ku zo ku gani. Kyamara a cikin shinkafa!" Wata ta ce, "Wayyo Driekie. Haka surukata ta fara, takalmi muka samu a tanda." Wata kuma ta ce, "Dama tsayuwar nan a sanyi kullum, mai cikakken hankali ba ya yi."

Ana cikin haka Oom Neville ya shigo. Ya karɓi kyamarar, ya juya ta, ya ga murfi a bakinta. Ya je ya buɗe kwamfutarki a kan teburin cin abinci, inda dama yake neman hoton da za a sa a takardar jana'iza. Ina hango shi ta ƙofa. Ya danna, baƙi. Ya sake dannawa, baƙi. Ya yi ta dannawa, yana duba kwanakin da ke jiki, wata da watanni. Sai ya dafe kai ya ce, "Tun bara take ɗaukar hoto da murfi a rufe. Kullum in na kira sai ta ce lafiya ƙalau. Ni kuma na yarda, don ya fi mini sauƙi." Babban mutum mai furfura a gemu, ya kifa kai a tebur yana kuka kamar yaro.

Wuƙar man shanu tana hannuna. Maganar tana bakina, na jera ta tsaf. Taku kaɗan ne tsakanina da shi. Amma kicin ɗin cike yake da manya, kuma na san in na yi magana duk za su juyo su kalle ni, Tannie Raagel ta ce, "Ke kuma 'yar wa?" Na ce bari su ragu. Da suka ragu na ce bari ya daina kuka. Da ya daina na ce gobe bayan an dawo daga maƙabarta. Na karanta labarin 'yan mata da yawa da suka tsaya gaban jama'a suka faɗi gaskiya murya tana rawa, kuma kullum ina ɗauka in rana ta zo haka zan yi. Ranar ta zo, na ci gaba da shafa wa burodi mai.

Ranar Lahadi da sassafe suka tafi. Ina leƙe ta labule lokacin da yake sa kwamfutar a mota, na ji matarsa tana cewa, "In mun isa ka goge su, Neville, ka daina azabtar da kanka." Na karɓi lambarsa wajen Mama, na kira har ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" na kashe. Tun ranar ban iya buɗe littafi ba. Na ƙarshe da na ara yana nan a ƙarƙashin matashina, ban san wa zan mayar wa ba.

Kin yi mini abin da ba wanda ya yi mini, Tannie. Ba ki taɓa cewa in ɗaga murya ba, ba ki taɓa cewa in daina mafarki ba. Kika ba ni tocila kika bar ni in tsaya kusa da ke. Sau ɗaya tak kika buƙaci bakina, na bari aka kira ki ruɗaɗɗiya a cikin kicin ɗinki. Ki yafe mini.

Oom Neville, mahaifiyarka ba ta ruɗe ba. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwarta, ta gyara mini lissafin makaranta, ta kuma gaya mini sunan maganin da ya kamata Mama ta tambaya a asibiti. Da gangan take rufe murfin. Da ta ce maka lafiya ƙalau, gaskiya ta faɗa. Takan yi maganarka sosai, ba da ƙorafi ba. Hoton da take haɗawa na gajimaren nan ne na gefen Gicciye, ta ce na bango ya tsufa, tana son sabo mai kyau ta wanke ta aika maka kafin ranar haihuwarka. Ta gama ɗaukar sama, duhun ne ya rage, shi ne abin da kyamarar take yi a firij lokacin da Ubangiji ya kira ta.

Don Allah kada ka goge su. In babu baƙaƙen, hoton ba zai fita da tsabta ba. Ban ƙware ba, amma na sha zama kusa da ita tana haɗawa, na san inda ake dannawa. In ka zo ganin kabari ka taho da kwamfutar, ka ƙwanƙwasa gidan da ke baya. Wataƙila in kasa kallon fuskarka, amma zan fito.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ka da iyalinka, da ƙannenta da ke Fraserburg, da matan coci, da duk wanda ta taɓa ɗaure wa ciwo a garin nan. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Ya gafarta mata kurakuranta, ya saka mata da alherin da ta yi wa masu naƙuda da marasa lafiya da 'yar maƙwabta mai nauyin baki. Ya ba ta hutu a wurinsa, cikin hasken da ba sai an jira shi ba. Amin.

Marlise Skippers
Sutherland